Manhajojin aiki daga nesa: Ire-irensu da yadda suke raya taron ma'aikata

Manhajojin aiki daga nesa su ne kayan aikin intanet da ke bai wa mutanen da ba sa zaune a ofis ɗaya damar yin shawara, rubuta takarda tare, rarraba aiki da bibiyar inda aka kwana, tamkar suna ƙarƙashin rufi guda. Wasu murya da hoto suke ɗauka, wasu rubutu, wasu kuwa allo ne da kowa ke iya sa hannu a kansa. Daraktan da ke Abuja yana jagorantar ma'aikata a Sakkwato da Maiduguri, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke da wakili a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da mai fito masa da kaya a tashar Apapa, duk masu aiki daga nesa ne, ko da ba su taɓa kiran kansu da wannan suna ba.

Haɗa mutane a layi ɗaya ya daina zama abin wahala. Abin da ya rage da wuya shi ne sa su buɗe baki. Duk wanda ya saba da taron intanet ya san yadda yake mutuwa: mutum ashirin sun shiga, kyamarori a kashe, shugaba ya yi minti arba'in yana jawabi, ya tambaya ko akwai mai ƙarin bayani, a yi tsit. A tashi an ƙona data, an yanke shawara ba tare da jin ta bakin waɗanda suka san halin da ake ciki ba. Irin wannan ne Bahaushe ke kira taron tsintsiya ba shara. Yawancin manhajojin da za a ambata a ƙasa an ƙirƙire su ne domin magance wani ɓangare na wannan cuta, kuma kowace da ɓangaren da take warkarwa.

Taƙaitaccen tarihi

Skype, wadda ta fito a shekarar 2003, ita ce ta fara sabar wa jama'a kiran murya ta intanet kyauta, daga baya ta ƙara da bidiyo. A 2006 kamfanin Google ya sayi wata ƙaramar manhajar rubutu mai suna Writely, wadda ta rikiɗe ta zama Google Docs. A 2011 Eric Yuan, injiniyan da ya bar kamfanin Cisco, ya kafa Zoom, kuma a shekarar ce aka fito da Trello. Slack ta biyo baya a 2013, sannan Microsoft Teams a 2017.

Annobar korona ce ta fitar da waɗannan manhajoji daga hannun ma'aikatan fasaha ta kai su kowane ofis. A Disamban 2019 masu shiga tarukan Zoom a rana ba su wuce miliyan 10 ba, amma zuwa Afrilun 2020 kamfanin ya ce sun kai miliyan 300. A Najeriya, cikin watan Maris na 2020 aka umarci ma'aikatan gwamnatin tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su koma aiki daga gida, kuma a watan Mayun shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari. Daga Disamban 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, yawancin ma'aikata suna aikin Juma'a daga gida. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, tsadar sufuri ta sa wasu jihohi, ciki har da Edo da Kwara, sanar da rage ranakun zuwa ofis.

Doka ma ta bi sahu. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta amince wa kamfanoni masu zaman kansu su gudanar da babban taronsu ta intanet, sannan dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sanya wa hannu a 2023 ta faɗaɗa damar zuwa kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a cikinsu.

Manhajojin taron murya da bidiyo

Zoom da Google Meet da Microsoft Teams su ne kan gaba a wannan rukuni. A tsarin kyauta kowace na ɗaukar mutum 100, sai dai Zoom kan katse taro bayan minti 40, sauran biyun kuwa bayan minti 60. Abin da ke raya taro a cikinsu yawanci yana nan a gaban mai amfani, ba a dai taɓa shi ne. Akwai alamar ɗaga hannu, wadda ke jera masu son magana bi da bi, ta hana mai ƙarfin murya danne sauran. Akwai akwatin rubutu a gefe, inda wanda muryarsa ke yankewa saboda raunin sabis zai ajiye tambayarsa. Akwai nuna fuskar kwamfuta ga kowa, domin a tattauna a kan lissafin da ake gani da ido, tun da gani ya kori ji.

Mafi tasiri a cikinsu shi ne raba taro zuwa ƙananan ɗakuna. Mai jagoranci kan kasa mutum talatin zuwa gungu-gungu na mutum huɗu ko biyar, ya ba kowane gungu tambaya ɗaya da minti goma, sannan manhajar ta dawo da kowa babban ɗaki, wakilin kowane gungu ya faɗi abin da suka cimma. Ma'aikacin da ba zai iya magana a gaban mutum talatin ba, da wuya ya yi shiru a cikin mutum huɗu.

Zaurukan saƙonni

Slack ta samo asali ne daga wani kamfanin wasan kwamfuta da Stewart Butterfield ya jagoranta. Wasan, mai suna Glitch, bai karɓu ba, amma manhajar da ma'aikatan suka ƙera domin magana tsakaninsu ta zama haja, har kamfanin Salesforce ya saye ta a kan kimanin dala biliyan 27.7, cinikin da aka kammala a 2021. Dabararta ita ce ware wa kowace magana zaurenta: zauren kasafi daban, na sayen kaya daban, na hira da barkwanci daban. Amsar kowane saƙo tana taruwa a ƙarƙashinsa, don haka zance biyu ba sa cakuɗewa. A tsarin kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kaɗai ake iya gani. Teams tana aiki da irin wannan tsari, kuma ta fi dacewa da ofishin da ya riga ya saba da Word da Excel.

A kasuwannin Najeriya da ofisoshi da dama, WhatsApp ce ke riƙe da wannan gurbi. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kiran bidiyo mutum 32, kuma tun 2022 ana iya kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi a ciki, a kuma haɗa zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ƙarfinta shi ne kowa ya iya ta, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda rubutu ke yi wa nauyi. Rauninta shi ne umarnin aiki kan nutse a tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, sannan in ma'aikaci ya bar aiki, duk takardun da aka tura suna nan a wayarsa. Masu amfani da ita kan rage wannan illa da buɗe zaure biyu: ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki, ɗaya na tattaunawa.

Rubutu da lissafi tare

Google Docs da Google Sheets, da takwarorinsu na Microsoft 365, suna bai wa mutane da yawa damar aiki a kan takarda ɗaya a lokaci guda, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa. Manhajar na ajiye tarihin gyare-gyare, ta nuna wanda ya sauya wane adadi da lokacin da ya sauya, kuma ana iya komawa ga tsohon rubutu. Wannan ya kawo ƙarshen yawo da kwafi biyar na rahoto ɗaya ta imel, ba a san wanne ne na ƙarshe ba. Ga ɗan kasuwa mai shago a Kano da rumbun ajiya a Legas, jadawalin kaya guda ɗaya da ɓangarorin biyu ke cikewa yana toshe gardamar da kan taso a ƙarshen wata.

A wajen taro, takardar haɗin gwiwa na da wani amfani na daban. Akan buɗe ta da ajanda kwana ɗaya kafin zama, kowa ya rubuta tambayarsa a ƙarƙashin batun da ya shafe shi. A kamfanin Amazon, Jeff Bezos ya kafa al'adar fara muhimmin taro da karanta rubutaccen bayani mai shafi shida cikin shiru kafin kowa ya ce uffan. Kamfanin GitLab, wanda dukkan ma'aikatansa daga nesa suke aiki a ƙasashe da dama, ya rubuta ƙa'idojin aikinsa cikin wani katafaren kundi da ya bar shi a buɗe ga kowa a intanet, domin sabon ma'aikaci ya sami amsa ba tare da jiran wani ya farka daga barci a wata nahiya ba.

Farin allo na intanet

Miro, wadda aka kafa a 2011 da sunan RealtimeBoard kafin a sauya mata suna a 2019, da Mural da FigJam, allo ne mai faɗi da mahalarta ke manna ƙananan takardu masu launi a kansa, su ja layi, su zana taswirar aiki. Yadda aka fi amfani da shi wajen neman shawara shi ne a ba kowa minti biyar ya rubuta ra'ayoyinsa shiru, kowane ra'ayi a takardarsa, sannan a tara masu kama da juna wuri guda, a ba kowa ɗigo uku ya ɗora a kan waɗanda ya fi gamsuwa da su. Cikin rubu'in awa an ji ta bakin kowa, an kuma ga inda rinjaye ya karkata. Miro na ba da alluna uku kyauta. Irin wannan allo ya fi daɗin aiki a kwamfuta, domin a fuskar waya rubutun kan yi ƙanana.

Ƙuri'ar jin ra'ayi da kacici-kacici

Mentimeter ta ƙasar Suwidin da Slido suna bai wa mai jawabi damar jefa tambaya, mahalarta su shigar da wata lamba a wayoyinsu su amsa, sakamakon ya bayyana nan take a gaban kowa. Ana iya amsawa ba tare da suna ya fito ba, kuma a nan ne babban amfaninsu yake ga ofisoshin da girmama na gaba ya yi ƙarfi. Ƙaramin ma'aikaci ba zai ce wa darakta a bainar jama'a wa'adin da ya sa ba zai yiwu ba, ko da kuwa shi ne zai yi aikin. Idan aka tambayi mutum ashirin a ɓoye, goma sha biyar suka nuna wa'adin ya yi kaɗan, shugaba ya sami gaskiyar da yake bukata, ba a kuma kunyata kowa ba.

Kahoot, wadda ta fito daga ƙasar Norwe a 2013, ta mayar da tambayoyi gasa: amsoshi masu launi daban-daban, agogo yana tafiya, wanda ya amsa daidai da sauri ya fi maki. Makarantu suka fara rungumar ta, amma masu horar da ma'aikata na amfani da ita domin gwada ko an fahimci sabuwar ƙa'ida kafin a tashi.

Allon bibiyar aiki

Trello da Asana da Jira suna amsa tambayar da ta fi jawo saɓani tsakanin masu aiki daga nesa: wa ke riƙe da wane aiki, kuma yaushe zai gama? Trello ta ari tsarin da kamfanin motoci na Toyota ya ɓullo da shi a Japan, inda ake bin kowane aiki da kati. A manhajar akan yi layuka uku, na abin da za a yi, na abin da ake kan yi, da na abin da aka gama. Kowane kati na ɗauke da sunan mai shi da ranar da ake jiran sa, kuma ana jan sa daga layi zuwa layi. Kamfanin Atlassian na Ostireliya ya sayi Trello a 2017 a kan dala miliyan 425. Inda allon nan ke aiki, taron mako ba ya ƙarewa a zagayen kowa ya faɗi inda ya kwana, sai a tafi kai tsaye ga katin da ya maƙale.

Saƙon da ba ya jiran taro

Ba kowane bayani ne ya cancanci tara mutane ba. Loom, wadda Atlassian ya saya a 2023, tana naɗar fuskar kwamfuta tare da muryar mai bayani, a tura wa abokan aiki su kalla lokacin da suka sami sarari da wuta da sabis. Bayanin minti biyar kan yadda ake cike sabon fom ya wadatar, maimakon taron awa guda da rabin mahalarta suka makara. Saƙon murya a WhatsApp na yin irin wannan aiki, muddin an taƙaita shi, an kuma bi shi da layi ɗaya na rubutu mai nuna abin da ya ƙunsa, domin a iya gano shi daga baya.

Abin da bincike ya nuna

A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya bayyana dalilai huɗu da ke sa taron bidiyo gajiyarwa: kallon fuskoki kusa-kusa na tsawon lokaci, ganin mutum fuskar kansa kamar yana gaban madubi, zama wuri ɗaya ba motsi, da wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen karanta alamun jiki ta ƙaramin hoto. Ya ba da shawarar ɓoye hoton kai, rage girman fuskokin da ake kallo, da kashe kyamara lokaci zuwa lokaci.

A shekarar ce kuma aka wallafa wani nazari a kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka, wanda ya gano cewa bayan komawa aiki daga gida, kowane sashe ya ƙara dunƙulewa a cikin kansa, hulɗa da sauran sassa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Melanie Brucks da Jonathan Levav suka wallafa a mujallar Nature cewa mutum biyu da ke magana ta bidiyo kan fito da sababbin dabaru ƙasa da na waɗanda ke zaune ɗaki ɗaya, saboda idanunsu sun kafe a kan allo, amma wajen zaɓar dabarar da ta fi, bidiyo bai gaza ba.

Akwai kuma binciken Nicholas Bloom, shi ma na Stanford, a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai. Ma'aikatan amsa waya da suka koma gida ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma da aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka koma ofis, da yawansu saboda kaɗaici. A wani gwaji na baya a kamfanin, wanda ya koma Trip.com, an bar ma'aikata su yi kwana biyu a gida, uku a ofis. Cikin mutum 1,612 da aka bibiya, barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ƙwazo kuma bai ragu ba. Darasin da ke cikin waɗannan shi ne zumuncin da kan ƙullu da kansa a wajen mai shayi ko a sahun masallacin ofis, a aikin nesa sai an ware masa lokaci da gangan. Wasu na buɗe taro da minti biyar na gaisuwa da tambayar iyali, wasu na amfani da Donut, wani ƙari a Slack da ke haɗa ma'aikata biyu da ba su saba ba domin su yi hira. Haɗuwa ido da ido lokaci-lokaci kuwa ba ta da madadi, zumunta a ƙafa take.

Tsada da yanayin sadarwa

Taron bidiyo na awa ɗaya da mutane da yawa na iya cin daga rabin gigabait zuwa sama da ɗaya, alhali murya kaɗai ba ta cin kashi ɗaya cikin goma na wannan. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, tilasta wa ƙaramin ma'aikaci kunna kyamara tsawon taro ba tare da an biya masa kuɗin data ba ya zama ɗora masa nauyin ofis a aljihunsa. Tsarin da ya fi adalci shi ne a kunna kyamara wajen gaisuwa da lokacin da mutum ke magana, a tura takardu tun kafin zama, a kuma rubuta abin da aka yanke domin wanda sabis ya yar a hanya. Yankewar igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Kwaddibuwa a watan Maris na 2024, wadda ta shafi ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, ta nuna amfanin tanadar hanya ta biyu, ko da kiran waya ne na haɗaka.

Tsaro da sirri

A farkon annobar korona, baƙi sun riƙa kutsawa tarukan Zoom suna watsa hotunan batsa da zage-zage, abin da ya sa kamfanin ya mayar da kalmar sirri tilas ga masu amfani da shi kyauta, ya kuma kunna musu ɗakin jira tun daga farko. Har yanzu adireshin taron da aka watsa a zauren jama'a ƙofa ce a buɗe. A Najeriya an san dabarar 'yan damfara ta kiran mutum su ce an shirya taron ƙungiyarsu ta intanet, ya karanto lambobi shida da aka turo masa domin a shigar da shi. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne, kuma da zarar ya bayar, sai a shiga neman kuɗi a wajen abokan hulɗarsa da sunansa. Babu manhajar taro da ke bukatar a karanta wa wani irin wannan lamba, kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu na toshe wannan kafa.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa lamarin haɗari. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da wasu da ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe fuskokin da muryoyin duk na boge ne. Umarnin biyan kuɗi ko sauya lambar asusu, komai saninsa da fuskar mai bayarwa, ya kamata a tabbatar da shi ta wata hanya daban, kamar kiran lambar da aka riga aka sani. Ma'aikatan gwamnati kuwa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana kansu a intanet kamar yadda take kansu a ofis, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin kiyaye su. Naɗar taro ba tare da sanar da mahalarta ba na iya jawo matsala ta wannan fuska.

Yadda ake zaɓa

Manhajoji ba sa dawwama. Microsoft, wanda ya sayi Skype a kan dala biliyan 8.5 a 2011, ya rufe ta a watan Mayun 2025, Google kuma ya rufe farin allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024. Saboda haka wajibi ne a riƙa sauke kwafin muhimman takardu a ajiye a wani wuri. Ga yawancin ƙananan ofisoshi da gidajen kasuwanci, manhaja uku sun isa: ɗaya ta taro, ɗaya ta saƙonni, ɗaya ta takardu da bibiyar aiki. A auna zaɓin da wayar ma'aikacin da ya fi kowa ƙaramar waya da raunin sabis, domin manhajar da ba ta buɗewa a hannunsa ta riga ta cire shi daga shawara. Sannan a rubuta ƙa'ida a fili: abin gaggawa a kira, sanarwa a rubuta, taro kuwa a bar shi ga batun da ke bukatar muhawara da yanke hukunci, kuma kada a tashi sai an faɗi wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kawo shi.